Jagorar Neman Aiki ga Mai Rubuta Manhajar Cikin Na'ura da ta Tushen Kwamfuta

Motar zamani, injin wanki, na'urar auna bugun zuciya, mitar wuta, akwatin raba intanet, jirgi mara matuƙi: kowanne a cikinsa akwai ɗan ƙaramin cif da ke bin umarnin da wani mutum ya zauna ya rubuta. A ƙarƙashin kowace waya da kowace kwamfuta kuma akwai manhajar tushe wadda ke raba ma'adana, ta tsara wane aiki zai fara, ta kuma yi magana da sassan ƙarfe. Masu rubuta waɗannan ba a cika jin sunansu ba, amma kullum ana nemansu.

Sai dai ƙofar shiga wannan sana'a ba irin ta masu gina shafukan intanet ba ce. A nan, wanda zai ɗauke ka yana son amsar tambaya ɗaya tak: idan na'ura ta ƙi yin abin da aka ce ta yi, kuma babu wani saƙo a fuskar kwamfuta da zai gaya maka dalili, za ka iya gano musabbabin? Duk matakan da ke tafe hanya ce ta tara shaidar cewa za ka iya.

Da farko, zaɓi layinka

Sunan sana'ar ɗaya ne a baki, amma ayyukan cikinta sun rabu. Akwai masu aiki a kan maikrokontirola, wato ƙananan cif irin su STM32 na kamfanin STMicroelectronics, ESP32 na Espressif, ko nRF52 na Nordic. A nan ma'adanar aiki yawanci ba ta wuce 'yan ɗaruruwan kilobayit, kuma manhajar kan gudana ita kaɗai a kan cif, ko kuma bisa ƙaramin tsarin raba lokaci kamar FreeRTOS da Zephyr. Akwai masu ɗora Linux a kan na'urori: su ne ke kula da U-Boot mai tayar da na'ura, da direbobin sassa, wato manhajar da ke sarrafa kowane sashen ƙarfe, da harhaɗa cikakken tsari ta Yocto ko Buildroot. Sannan akwai masu manhajar tushe tsantsa, waɗanda ba lallai su taɓa waya ko ƙarfen walda ba, suna aiki a kan kanel (zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta), kwamfaila (mai fassara rubutun shiri zuwa harshen da cif ke ganewa), tsarin ajiyar fayil da hanyoyin sadarwa.

Kada ka ce za ka rungumi ukun lokaci guda. Buɗe tallan aiki kamar ashirin, da kalmomin da kamfanoni ke amfani da su, irin su firmware, embedded, BSP da kernel, ka rubuta abin da ke maimaituwa a cikin waɗanda suka ja hankalinka. Wannan jerin shi ne manhajar karatunka. Ga mai farawa, ni na fi ba da shawarar maikrokontirola, domin a can ne mutum ke iya riƙe dukkan tsarin a kansa, daga layin farko da ke gudana bayan an kunna wuta har na ƙarshe.

Harshen C, har ƙashi

Dennis Ritchie ya ƙirƙiri C a Bell Labs a farkon shekarun 1970, kuma har yau shi ne harshen wannan fage. C++ na da babban gurbi, musamman a motoci da mutum-mutumi. Rust, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 2015, ya samu gurbi a kanel na Linux tun siga ta 6.1 a ƙarshen 2022. Python kuma ana buƙatarsa wajen rubuta gwaje-gwaje. Amma wanda bai iya C sosai ba, sauran ba za su rufa masa asiri a intabiyu ba.

Iya C a nan ya wuce rubuta shirin da ke lissafa maki. Ana nufin ka san inda kowane abu yake zaune a ma'adana: wanne ke kan tarin wucin gadi da ke rushewa da zarar aiki ya dawo, wanne ke zaune dindindin, wanne aka ƙona a filashi, wato ma'adanar da ba ta gogewa idan wuta ta ɗauke, ba ya canzawa. Ka saba da manuni, wato gurbin da ke riƙe adireshin wani abu a ma'adana, har ka daina jin tsoronsa, ciki har da manunin da ke nuna wani aiki. Ka iya kunna bit guda a cikin rajista, wato ƙaramin gurbin da ke sarrafa wani sashen cif, ka kashe shi, ka juya shi, ba tare da ka taɓa maƙwabtansa ba. Ka san dalilin da ya sa ake saka wa wani gurbi kalmar volatile a C: kwamfaila na iya ɗauka cewa ƙimar ba ta canza ba, ta daina sake karanta ta, alhali wani sashen ƙarfe ko kiran gaggawa, wato siginar da ke katse cif ya kula da wani abu nan take, ya canza ta a bayan fage. Ka kuma san abin da volatile ba ya yi, domin ba ya hana ayyuka biyu cin karo a kan abu ɗaya, kuma mutane da yawa a nan suke faɗuwa.

Girman lamba ma ba wasa ba ne. Gurbi mai bit 16 mara alama yana cika a 65,535, ya koma sifili. Ma'aunin da ke ƙirga milisakan a gurbi mai bit 32 yana zagayowa bayan kwana 49 da ɗoriya, don haka na'urar da ta yi lafiya a teburin gwaji na iya rikicewa bayan wata ɗaya da rabi a hannun mai ita. A watan Yunin 1996 rokar Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta na farko, saboda an yi ƙoƙarin cusa lamba mai bit 64 cikin gurbi mai bit 16. Masu ɗaukar aiki sun san irin waɗannan labarai, shi ya sa suke matsa wa mai nema a kan abin da wasu ke ganin ƙanana ne.

Samu bod, ka karanta takardar cif

Arduino hanya ce mai kyau ta fara ɗanɗana abin, amma yana ɓoye maka ainihin aikin da za a biya ka ka yi. Da zarar ka kunna fitila ta yi ƙyaftawa, matsa gaba. Samu bod, wato allon gwaji, mai cif na ARM Cortex-M, kamar jerin Nucleo na STM32 waɗanda ke zuwa da na'urar bin diddigi a jikinsu, ko Raspberry Pi Pico da ya fito a 2021. Sai ka sake kunna fitilar nan, amma wannan karon ba tare da jingina da manhajar da wani ya riga ya rubuta ba: ka buɗe takardar bayanin cif, ka nemo adireshin rajistar da ke ba sashen agogo, ka kunna ta, ka mayar da ƙafar cif ta zama mafita, ka rubuta mata ɗaya ko sifili.

Takardun nan kan haura shafi dubu, kuma ba wanda ke karanta su daga bango zuwa bango. Ƙwarewar ita ce sanin babin da za ka buɗe. Akwai kuma wata 'yar takarda da kamfanonin cif ke fitarwa mai lissafa kurakuran da ke cikin cif ɗin kansa. Ka saba duba ta, domin wani lokaci laifin ba naka ba ne.

Daga nan ka bi hanyoyin da cif ke magana da maƙwabtansa: UART, sannan SPI, sannan I2C wanda Philips ya fito da shi a 1982. Idan harkar motoci kake hange, ƙara CAN, wanda Bosch ya gabatar a 1986. Idan bod bai samu ba tukuna, QEMU da Renode suna kwaikwayon cif a cikin kwamfuta, kuma za ka yi nisa da su kafin ka buƙaci na gaske.

Aiki ɗaya kammalalle

A nan ne ya kamata mafi yawan lokacinka ya tafi. Ayyuka goma da aka fara aka watsar ba su kai ɗaya da aka gama ba. Ga misali: na'urar da ke auna zafi da laima duk bayan minti biyar, ta adana a filashi, ta aika idan an tambaye ta, kuma ta yi watanni a kan batir. A baki abu ne mai sauƙi. Amma kafin ta yi aiki yadda ya kamata, sai ka rubuta direban ma'aunin da hannunka, ka koya wa cif yin barci da farkawa, ka tanadi abin da zai faru idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu a filashi, ka kuma kunna mai gadin da ke sake tayar da na'ura idan manhaja ta maƙale.

Sannan ka auna. Nawa na'urar ke sha tana barci, nawa tana farke? Kilobayit nawa manhajar ta ci a filashi, nawa a ma'adanar aiki? Tsawon wane lokaci kiran gaggawa ke ɗauka kafin ya saki? Hanya mai sauƙi ita ce ka ɗaga wata ƙafar cif a farkon aikin, ka sauke ta a ƙarshe, ka kalli tsawonsa a osiloskof, na'urar da ke zana sigina a fuskarta. Injiniya da lambobi yake magana, kuma wanda zai duba aikinka yana gane bambanci nan take tsakanin "tana daɗewa a kan batir" da lissafin da ke nuna kwana nawa za ta yi da kuma yadda aka samo shi.

Ɗora aikin a GitHub ko GitLab, shafukan da ake ajiye manhaja a bainar jama'a, da tarihin canje-canje mai ma'ana, ba a jibge shi a dunƙule rana ɗaya ba. A shafin farko ka sa hoton na'urar, zanen haɗin wayoyi, da umarnin da baƙo zai bi ya gina ta. Raba lissafin da bai shafi ƙarfe ba daga wanda ya shafe shi, domin ka iya gwada na farkon a kwamfutarka ba tare da bod ba. Wannan ɗabi'a kaɗai tana nuna ka fahimci yadda ƙwararru ke aiki.

Abu mafi daraja, wanda kusan kowa ke mantawa da shi: rubuta labarin matsala guda da ta ba ka wuya. Me ka gani, me ka fara zato, yaya ka gwada zaton, me ya ƙaryata shi, a ina gaskiyar ta ɓuya. Wataƙila ma'aunin ya ƙi amsawa a I2C saboda takardarsa ta ba da adireshi mai bit 8 alhali manhajarka na jiran mai bit 7, ko kuma babu resisto masu jan layin sama. Wannan rubutu shi ne amsar tambayar da ke zuciyar mai ɗaukar aiki, kuma gani ya kori ji.

Kayan gano matsala

Wanda makaminsa printf ne kawai, wato umarnin C mai fitar da saƙo a rubuce, zai sha wahala, domin rubutun kansa na cin lokaci, har yakan ɓoye matsalar da ake nema. Koyi GDB, manhajar bin diddigi, ta hanyar SWD ko JTAG, mashigun da ake jona cif da su: tsayar da cif, leƙa rajistocinsa, sa ido a kan wani adireshi har ka kama wanda ke taɓa shi. Koyi karanta abin da Cortex-M ke bari a rajistocin kuskure idan ya faɗi, domin daga nan ake gano layin da ya jawo faɗuwar. Ƙaramar na'urar nazarin sigina tare da manhajar PulseView za ta nuna maka ainihin bayit ɗin da ke bin waya, ba wanda kake zaton ka aika ba. Mita mai auna wuta kuwa ita ce farkon abin ɗauka: kafin ka zargi manhaja, tabbatar cif na samun wutar da ta dace.

Sa hannu a aikin jama'a

Matsalar mai neman aikin farko sananniya ce: ana neman gogewa, gogewa kuma sai da aiki. Buɗaɗɗun manhajoji ne ke warware wannan ƙulli. Zephyr, wanda ke ƙarƙashin Linux Foundation tun 2016, yana karɓar gyara ta GitHub, kuma ƙara direban wani ma'auni ko tallafin wani bod aiki ne da mai farawa zai iya. Kanel na Linux kuwa ta imel ake aika masa gyara, a rubutu tsantsa. Akwai checkpatch.pl mai duba tsarin rubutunka, da get_maintainer.pl mai gaya maka wa za ka aika wa, kuma sashen drivers/staging ya daɗe yana zama wurin koyon masu shigowa.

Za a dawo maka da gyaranka, wataƙila sau da yawa, wani lokaci da kalmomi marasa sanyi. Kada ka ɗauke shi da zafi. Ƙwararrun da ba za ka iya biyan kuɗin karatunsu ba ne ke duba aikinka kyauta, kuma duk wanda ya bincika sunanka daga baya zai ga yadda kake karɓar gyara. Shirye-shirye irin su Google Summer of Code da Outreachy suna haɗa masu koyo da masu jagora a irin waɗannan ayyuka. Ga mai son layin Linux, kamfanin Bootlin na Faransa yana sakin kayan horaswarsa kyauta.

Takardar CV da inda za ka kai ta

Shafi ɗaya ya isa ga mai farawa. Ambaci sunan cif, harshe, hanyar sadarwa da kayan aikin da ka taɓa da hannunka, kuma kowane layi ya faɗi abin da ka yi da abin da ya haifar. Kada ka rubuta abin da ba za ka iya kare shi na minti goma ba, domin daga CV ɗinka za a ciro tambayoyi.

Masu ɗauka sun fi yadda ake zato yawa. Akwai masu ƙera cif kamar NXP, Texas Instruments, Infineon, Microchip da Renesas. Akwai masu kayan motoci irin su Bosch da Denso, da masu na'urorin asibiti, na masana'antu, na hasken rana da na sadarwa, sai kuma ƙananan kamfanonin da ke ƙera wa wasu kaya a kan kwangila. Irin na ƙarshen nan makaranta ce mai kyau, saboda a shekara guda mutum kan taɓa cif iri-iri. Kada ka raina muƙamin injiniyan gwaji ko na taimaka wa abokan ciniki a kamfanin cif. Da yawa ta nan suka shiga. Ka sani kuma aiki daga gida ya fi wuyar samu a layin maikrokontirola, tunda akwai ɗakin gwaji da kayan da ba sa motsi, amma ya fi samuwa a layin Linux da manhajar tushe. Ayyukan tsaro da na sararin samaniya kan gindaya sharaɗin zama ɗan ƙasa, don haka karanta tallan da kyau kafin ka ɓata lokaci.

Idan fagen da kake nema rai na dogara da shi, san sunayen ƙa'idojinsa da manufarsu: MISRA C da ta fara fitowa a 1998, ISO 26262 ta motoci, DO-178C ta jiragen sama, IEC 62304 ta na'urorin lafiya. Ba a tsammanin mai farawa ya haddace su. Ya isa ka iya bayyana dalilin da ya sa a irin waɗannan wurare ake guje wa malloc, umarnin C na neman ƙarin ma'adana, bayan na'ura ta tashi: ma'adana na iya daddatsewa, kuma ba a iya tabbatar da tsawon lokacin da kiran zai ɗauka.

Ranar intabiyu

Yawanci ana farawa da gajeriyar hira ta waya, sai gwajin rubuta C, sai zama da injiniyoyi. Tambayoyin kan zagaya wuri ɗaya. Za a ce ka ƙirga bit nawa ne a kunne cikin wata lamba, ko ka juya jerin bayit daga tsarin da ke fara ajiye ƙaramin ɓangare zuwa mai fara ajiye babba. Za a ce ka rubuta zoben ajiya wanda kiran gaggawa ke zuba bayanai a ciki, babban shiri kuma yana kwashewa, ka kuma nuna yadda za ka bambanta cikakke da wanda ba komai. Za a tambaye ka me ya halatta a cikin kiran gaggawa: amsar ita ce ka yi abin da ya zama dole, ka ɗaga tuta, ka fita, ba jira, ba dogon lissafi.

Akwai tambayar da ke yawan zuwa ga masu ambaton FreeRTOS ko Zephyr, wato kifewar fifiko. Misalinta mafi shahara ya faru ne a duniyar Mars. Bayan na'urar binciken Pathfinder ta sauka a watan Yulin 1997, kwamfutarta ta riƙa sake tashi da kanta. Wani ƙaramin aiki mai tattara bayanan yanayi ne ke riƙe da makullin wata hanyar bayanai. Babban aiki na jiran makullin. Matsakaitan ayyuka kuma suka hana ƙaramin samun damar gamawa ya saki. Da babban ya makara, sai tsarin tsaro ya sake tayar da komai. Injiniyoyi sun maimaita matsalar a kwafin na'urar da ke ƙasa, suka aika gyara wanda ya kunna gadon fifiko a tsarin raba lokacinta na VxWorks, wato ƙaramin aiki ya ari matsayin babba muddin yana riƙe da makullin. Idan ka iya zana wannan a takarda ka bayyana shi da bakinka, ka nuna ka fahimci abin da ke faruwa idan ayyuka suna raba cif ɗaya.

Sai tambayar da ba ta da amsa guda: "Na'ura tana mutuwa sau ɗaya a mako a wurin abokin ciniki, me za ka yi?" Kada ka yi saurin cankar dalili. Yi tambayoyi: duk na'urorin ne ko wasu? Akwai alaƙa da zafi, da ƙarfin batir, da tsawon lokacin da ta yi a kunne? Me rajistar dalilin sake tashi ta nuna? Za a iya ajiye bayanin faɗuwa a wurin da ba ya gogewa? Tsarin tunaninka ake saurara, don haka yi shi a fili. Idan an zo inda iliminka ya tsaya, faɗi haka kai tsaye, ka ƙara da inda za ka duba. A sana'ar da kuskure kan sa a janye dubban kaya daga kasuwa, mai ƙirƙirar amsa abin tsoro ne.

Idan ido da ido ne, tafi da na'urarka a jaka. Ɗora ta a tebur yakan juya zaman daga jarrabawa zuwa hirar abokan sana'a.

Kai ma ka tambaya kafin ka sa hannu. Ana duba aikin juna kafin a haɗe shi? Akwai gwajin da ke gudana da kansa a kan na'ura ta gaske? Yaya ake sabunta manhaja bayan kaya sun fita, kuma me ke faruwa idan sabuntawar ta katse a tsakiya? Injiniya nawa ne a sashen, kuma wa zai riƙa duba aikinka? Wannan ta ƙarshe ta fi nauyi a aikin farko. Idan aka ce kai kaɗai ne za ka riƙe dukkan manhajar na'urar, ka yi tunani sosai ko da albashin ya fi, domin shekarun farko na buƙatar wanda ya riga ka gani a kusa da kai. Karanta kuma sashen kwangila da ya shafi mallakar abin da ka rubuta, ka nemi a fayyace a rubuce ko za ka ci gaba da ba da gudummawa ga buɗaɗɗun manhajoji a lokacinka na kanka.

Idan ba a ɗauke ka ba, zauna a ranar, tun abin yana sabo a kanka, ka rubuta duk tambayar da ta ba ka wuya. Ɗauki kowacce ka gwada ta a kan bod ɗinka har ka ga amsar da idonka, ka ƙara abin da ka gano cikin aikinka na GitHub, sannan ka aika takarda ta gaba.